Sautin Barci a Shagon Mai Katifa

Tunda kowa a layinmu ya ɗauki labarin nan yana zuba masa gishirin da ya ga dama, bari ni mai abin in faɗe shi yadda ya faru. Mai Aski ne ya fi kowa ɓata shi. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji shi daga farko har ƙarshe, don ya san mutum ba zai tashi ya gudu da rabin kai ba. A bakinsa, katifun da suka danne ni sun kai ɗari. Ƙarya ce. Ban ƙirga ba, saboda ina ƙarƙashinsu a lokacin, amma ba su kai ba.

Sana'ata sayar da tabarau ce. Da idon mutane nake cin abinci, amma baiwar da Allah ya yi mini a kunne take, kuma na daɗe ina jiran duniya ta lura. Sai ga shi na sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani da zai tashi daga unguwa, na tarar a cikinta da injin haɗa sauti, wanda masu abin ke kira sintisaiza. An zana shi a fuskar kwamfutar kamar tsohon akwatin katako, da maɓallan murɗawa jere-jere, har da ɗan tsatsa na ƙarya a jikin sukurori, don ya yi kama da injinan da, masu waya da ɗaukar zafi. Ina ganinsa na san mun dace. Shi ma tsoho ne mai son ado.

Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar gidanmu. Na share shi, na manna kwalayen ƙwai a bango, na rubuta Ɗakin Sauti a ƙofa da fenti ja. Nan na kira matata wata rana don ta ƙaru da ilimi. Ta zo da tsumman goge-goge a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, don ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu.

"Zuciyar injin nan," na ce mata, "su ne waɗannan da ake kira osileta. Osileta abu ne mai kai-da-komo, ya tura iska ya janye, ya tura ya janye. In ya yi sauri, sauti ya sirance. In ya yi a hankali, sauti ya yi kauri. Siffar kai-da-komon kuwa ita ce halinsa. Ki duba zanen nan. Wannan mai lanƙwasa kamar igiya a kan ruwa, shi ne mai laushi, ba ƙaya a jikinsa. Wannan mai haƙoran zarto, kaushi gare shi, yana cizon kunne. Wannan mai kusurwa kamar jerin akwatuna, muryarsa kamar an hura bututu."

"Wanne ne a cikinsu yake kwashe kaya daga ƙarƙashin bene?" ta ce.

Na yi kamar ban ji ba. Abin da take nufi shi ne firizarta. Ta sayi wata ƙatuwar firiza don ta riƙa sayar da ƙanƙara, kuma a duk gidan babu soket mai ƙarfin ɗaukarta sai na Ɗakin Sauti. Firizar tana nan a baranda a kashe, kowa ya wuce sai ta ci masa gwiwa.

"Ga babban sirrin," na ci gaba, na nuna mata wani maɓalli a gefe. "Kwamfuta in ka bar ta, komai nata daidai-daidai ne kamar awon tela, kuma kunne yana gane ƙarya. Tsofaffin injina kuwa in sun ɗumama, sautinsu yakan ɗan karkace, ya hau kaɗan, ya sauko kaɗan. Wannan maɓallin shi ke kwaikwayon karkatar. Abin gaske, mai rai, ba ya tafiya daidai-daidai. Ki riƙe wannan, uwar yara."

"Na riƙe, Malam," ta ce.

Da na san da gaske za ta riƙe, da na yi mata bayanin wani abin daban.

Gwajin farko da mai haƙoran zarto na yi shi, da hantsi. Na jingina 'yar ƙaramar lasifikata da bango na danna. Na manta cewa bayan bangon nan shagon Mai Aski ne. Yana tsakiyar yi wa wani direban bas aski, ya kashe injinsa don ya kaɗe gashi, sai ya ji injin bai daina zzzz ba. Ya sake kashewa. Zzzz. Ya zare wayar daga bango. Zzzz. Sai ya wurga injin a bokitin ruwa ya yi waje, direban na biye da shi da ƙyalle a wuya, rabin kai fes, rabi daji.

Da ya gano inda ƙarar ke fitowa, ya zo ya leƙo ɗakina.

"Injiniya, kai ne kake aski ta cikin bango?"

"Bincike nake yi, maƙwabci."

"To binciken naka ya ci mini inji."

"Wa ya ce ka yi masa wanka?"

Tun daga ranar yake kirana Injiniya, da wani jan murya da ban so. Ni dai na karɓi sunan, na bar masa jan muryar.

Na ga layinmu bai kai matsayin zarto ba tukuna, sai na koma ga mai laushi. Na ƙara masa sauri har ya zama siriri kamar zare, iiiii, tsaf, babu datti ko ɗigo. Na lumshe ido ina jin daɗin aikina. Ban ji shigowar matata ba. Na dai ji saukar tafin hannu a kunnena na hagu, sannan hayaƙin maganin sauro ya cika ɗakin har na fito da rarrafe ina tari.

"Ya sauka a kunnenka," ta ce. "Wani ƙato."

"Babu sauro. Osileta ne."

"Allah sarki. Ashe."

Har yau ban yarda akwai kuskure a marin nan ba. Saiti irin wannan sai da niyya.

A makon ne Mai Katifa, wanda shagonsa ke kallon gidanmu, ya fasa bangon da ke tsakaninsa da shagon gefe ya faɗaɗa, ya sa ranar buɗewa, ya gayyaci jama'a. Mutum ne mai sanyin hali, kalmar a'a tana yi masa nauyi a baki. Na same shi yana goge gilashin sabuwar ƙofa.

"Maƙwabci, katifa ba a sayenta da ido," na ce. "Sai mutum ya kwanta ya ji barci na jan ƙafarsa. Zan haɗa maka sautin barci. Duk wanda ya ɗora haƙarƙarinsa a katifarka, sai an tashe shi da ruwa."

"To, Yaya, ni dai da ma waƙa zan ɗan sa a hankali..."

"Waƙa ta kowa ce. Wannan naka ne kai kaɗai a duniya."

Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ce to.

Na dawo gida ina ba da labari da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Matata tana zaune a kan firizarta tana yanke farce.

"Mutum ɗaya," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "In sautinka ya sa mutum ɗaya barci a shagon nan, ɗakin naka ne har abada, ba zan ƙara magana ba. In bai sa ba, firiza ta shiga."

"Ɗaya kawai? Kin raina ni."

"Ni ne shaida," in ji Mai Aski ta taga. Babu wanda ya gayyace shi.

Na shiga aiki. Na ɗauki osileta biyu masu laushi, na ɗan goce ɗaya daga ɗan'uwansa kaɗan. In ka yi haka, sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa, sautin ya kumbura ya saki, wuuu, wuuu, kamar numfashin jariri. Ni kaina sai da na yi hamma. Maɓallin karkata kuwa na murɗe shi har ƙarshe, don in rai kaɗan yana da daɗi, rai da yawa ai ya fi.

Akwai osileta na uku, na ƙasa, wanda aikinsa shi ne ya bi sauran daga can ƙarƙashi da murya mai kaurin gaske. Na kunna shi, ban ji komai ba. Na ƙara masa ƙarfi. Shiru. Na kai shi ƙarshe. Shiru. Na yanke hukunci cewa malalaci ne, irin ma'aikacin da ke zuwa ofis ya zauna, na bar shi a haka. Abin da babu wanda ya gaya mini, don haka babu wanda ya isa ya ce laifina ne, shi ne 'yar lasifikata ba ta da ƙirjin furta sauti mai kauri irin wannan. Yana ta ihu a ciki, ita ce ba ta iya faɗa.

Ranar buɗewa, Mai Katifa ya yi hayar lasifika biyu, kowace ta kai firizar matata girma. An jera sababbin katifu a jikin bango, ɗaya kan ɗaya har kusa da rufi, kowace a cikin ledarta mai santsi. A gindin tulin nan aka ajiye mini teburi, lasifika ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A tsakiyar shago kuma ga gado da katifar gwaji, kuma surukar Mai Katifa, wata tsohuwa mai ciwon baya da kaifin baki, ita ta ce za ta fara kwanciya, tunda ita ce babba.

Na sa rigar da nake ajiye wa manyan ranaku. Na ajiye tabaraun karatuna a gida, na ɗauko wani baƙi mai bakin zinari daga cikin kayan sayarwa, don mutum ba zai tsaya gaban jama'a da gilashin tsofaffi ba. Shago ya cika. Matata ta tsaya kusa da ƙofa, hannu a harɗe. Mai Aski ya zo da kujerarsa.

"Jama'a," na ce, "wanda yake tsaye ya nemi abin jingina. Ba zan ɗauki alhakin wanda ya faɗi da barci ba. Inna, ki rufe ido."

"Na rufe. Ka yi sauri, bayana ba ya son surutu."

Na kunna maɓallin da ke riƙe sauti ba sai hannunka na kai ba, saboda zan buƙaci hannuwana wajen karɓar gaisuwa. Sannan na danna.

Ba a kunne muka fara jin sa ba. A ciki muka ji, daidai cibiya. Kofunan da ke kan faranti suka fara tafiya da kansu zuwa baki. Sabon gilashin ƙofa ya shiga rawar sanyi. Tabarauna ya zamo daga karan hanci. Malalacin nan na ƙasa ya samu lasifika mai ƙirji, yana faɗar duk abin da ya tara a makon.

"Ɗan nan," in ji Inna, idonta a rufe, muryarta na karkarwa, "katifar nan da rai?"

"Ki saki jiki, Inna. Laushi ne yake ratsa ki."

"Laushi ne yake kaɗa mini haƙora a baki?"

"Ki ba shi lokaci."

Lokacin kuwa bai taimaka ba. Karkatar da na murɗe har ƙarshe ta fara aikinta, osileta biyun suka ƙara nisa da juna, numfashin jariri ya koma haki, wuwuwuwu, kamar janareta mai shirin mutuwa. Mai hayar lasifika ya ruga bayan shago ya duba nasa janaretan. Kofi na farko ya kai bakin faranti ya yi sallama.

"Yaya, ko za a ɗan rage?" in ji Mai Katifa, yana riƙe gilashin ƙofa da tafin hannu biyu.

"Yanzu kuwa. Ƙaramin abu ne."

Na duƙa kan kwamfuta. A nan na gane cewa baƙin tabarau mai bakin zinari na kallon mutane ne, ba na kallon rubutu ba. Maɓallan duk suka zama ƙwai iri ɗaya. Na kama linzamin kwamfuta na murɗa wanda zuciyata ta ba ni. Ashe na wani osileta ne mai tafiyar hawainiya, wanda shi ba a jin muryarsa, aikinsa kawai ya kama wuyan sauran ya riƙa ɗaga su yana saukewa. Sauti ya hau, ya sauko, ya hau, ya sauko. Wiiiwuuu, wiiiwuuu.

Jiniya sak. Ni kaina sai da na leƙa titi.

Ban taɓa sanin yawan masu laifi a layinmu ba sai ranar. Duk wanda ya ajiye mota a inda bai kamata ba ya yi waje da makulli a hannu, kuma rabin baƙin Mai Katifa ke nan. Masu baza kaya a gefen titi suka naɗe tabarmi da kaya a ciki. Mai lemo ya ɗauki tirensa da gudu, lemo ya bi gangara yana raka shi. Wani mutum mai kamala da ke kusa da ni, wanda bai zo da mota ba kuma ba ya sayar da komai, ya fita ta taga. Har yau ban san me ya yi ba.

"Injiniya," in ji Mai Aski, ƙafa ɗaya kan ɗaya, "wannan ɓangaren mafarki ne, ko har yanzu muna hanyar barcin?"

"Ka yi mini shiru, ina aiki."

Na mayar da wancan, na murɗa wani. Jiniya ta tsaya, amma osileta biyun suka haye can sama, suka sirance. Iiiii. Sauron da ya jawo mini mari a gida, yanzu ga shi ya girma ya kai lasifika biyu. Na ƙasa kuwa bai fasa girgiza ba. Sauran baƙin da suka rage suka fara tafa kunnuwansu. Wata mata ta tafa na mijinta. Inna ta tashi zaune, ta ɗauki matashi tana kai wa iska duka.

"Maƙwabci," Mai Aski ya ce wa Mai Katifa, "saurayen kyauta ne, ko sai mutum ya sayi katifa?"

Mai Katifa ya ɗaga ido. Sama yake kallo, bayana. Na ji leda tana ƙiƙ-ƙiƙ a kaina. Tun da na danna sautin nan tulin katifu yake zamowa kaɗan-kaɗan, kowace tana turo 'yar'uwarta gaba. Na ɗaga kai daidai lokacin da ta saman ta yanke shawara. Sauran suka bi ta.

Duhu. Laushi ta ko'ina. Can sai na ji komai ya ɗauke, ashe matata ce ta taka a hankali ta zare wayar lasifika daga bango, abin da duk mazan da ke shagon ba su tuna ba.

Ina kwance a ƙarƙashin nan, hancina a jikin leda, sai na tuna da ɗakina: kwalayen ƙwai, jan fenti, soket ɗina. Sai kuma na tuna da sharaɗin. Mutum ɗaya, in ji ta. To ni mene ne? Ba mutum ba ne? Ba a shagon nake ba?

Na rufe ido na fara minshari.

Suka ɗaga katifun ɗaya bayan ɗaya. Haske ya shigo. Ban motsa ba. Khoo, fuu. Khoo, fuu.

"Ya suma?" in ji Mai Katifa.

"Mai suma ba ya minshari," in ji Mai Aski. Na ji muryarsa ta yi sanyi, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. "Uwar gida, ni shaida ne, kuma ba na son mutumin nan, amma gaskiya gaskiya ce. Kin ce mutum ɗaya. Ga shi nan."

Khoo, fuu. Khoo, fuu. Na ji takunta. Ta durƙusa kusa da kaina tana saurare, har na fara tunanin irin launin da zan sake wa ƙofar ɗakin.

"Wannan na kwamfuta ne," ta ce.

"Kamar yaya?" in ji Mai Aski.

"Shekara da shekaru ina kwana kusa da na gasken. Da zarto yake farawa, ya hau, ya hau, ya tsaya kamar mai neman abin da ya manta, ya yi ɗan fito, sannan ya faɗo gaba ɗaya. Ba ya maimaita kansa sau biyu. Wannan ku saurara, daidai-daidai yake kamar awon tela. Shi da bakinsa ya koya mini: abin gaske ba ya tafiya daidai-daidai."

Na gane kuskurena nan take, na yi ƙoƙarin sa masa karkata. Na ja numfashi na haura sama, na nemi wurin fito, yawu ya sarƙe ni. Na tashi zaune ina tari, ido jajur, tabarau rataye a kunne ɗaya.

Dariyar da aka yi, har masu motocin da suka gudu sai da suka dawo suka tambayi abin da suka rasa. Inna ta sauko daga gado, ta tako da matashinta, ta sauke mini shi a ƙeya.

"Barka da asuba," ta ce.

Kafin rana ta faɗi firiza ta shiga. Mai Aski ne ya kama gaba, direban bas ɗin nan ya kama baya, kuma ban taɓa ganin mutane suna ɗaukar kaya mai nauyi da fara'a haka ba. Mai Katifa ya daina gaishe ni na ɗan lokaci, ba don gilashin ƙofarsa ba, sai don Inna ta sa an kai mata katifar gwajin gida, ta kwana a kai, ta dawo da ita washegari tana faɗa wai an musanya mata da matacciya, ita mai girgizar take so, ta fi mata a baya.

Ni kuwa, da aka sa wa firizar wuta, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yadda ake zaluntar ilimi. Sai ta yi ɗan tari ta kama. Mmmmm. Na kasa kunne. Sauti mai kauri, mai ɗumi, ba kaushi, yana ɗan hawa yana ɗan sauka yadda ya ga dama. Abin da na yi mako ina nema da linzami, ga shi tana yi ba ta ko lura. Na ɗauko kujera na matsa kusa don in tantance siffarsa. Matata ta ce sai da ta girgiza ni sau da yawa kafin na farka, kuma wai minsharin da na yi ranar, da zarto ya fara.

Na nuna mata cewa soket ɗina ne, kwalayen ƙwaina ne a bango, don haka rabin sautin nawa ne. Ta ce ba ta musu, in zauna in yi ta nazari, tunda da ma tana neman mai miƙa wa mutane ƙanƙara.

Rubutun ƙofar yana nan da jan fenti, ban bari an goge ba. In kun zo sayen ƙanƙara ku ƙwanƙwasa a hankali. In kun ji shiru, ku ƙara ƙarfi kaɗan. Bincike nake yi.